"Let" ɗin da ke cikin fasfo: kuskure ne ko tsohuwar kalma?

Baban Ummi: Jiya da na karɓo sabon fasfo, ina cikin Keke Napep na buɗe shi na ga inda ake roƙon a bar mai shi ya wuce "without let or hindrance". Ni na ce kuskure ne muka gada daga Ingila. Tun firamare aka koya mana "let" ƙyalewa ne. "Hindrance" kuwa cikas ne. To ya za a ce mutum ya wuce babu ƙyalewa?

Ɗan Zariya: Ba kuskure ba ne, Alhaji. Kalmar ce ta juya. A da tana nufin hanawa, daga baya ta koma ƙyalewa.

Malamar Turanci: Ɗan Zariya, rabin maganarka daidai ne, amma ba juyawa ta yi ba. Kalmomi biyu ne tun a tsohon Turanci. Akwai "lætan", barin abu ko ƙyale shi, 'yar'uwar "lassen" ta Jamusanci. Akwai kuma "lettan", tare mutum, jinkirta shi, wadda ta fito daga "læt", kakar "late" ta yau. Wato ka sa mutum ya makara. Da zamani ya ja, sai furucinsu ya haɗe. Kamar gari na zama da gari na tuwo ne a rubutunmu, sai dai mu kunne na raba mana su, su kuwa ya daina. Duk shekara ina fama da ɗalibaina a kan Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare, inda Hamlet ɗin yake cewa zai mayar da duk wanda ya "lets me" fatalwa. Suna ɗauka wanda ya sake shi yake nufi, alhali wanda ya riƙe shi ne. Fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 ma ta yi amfani da ita haka a Romawa 1:13.

Baban Ummi: Malama, to yau wa ke faɗarta?

Malamar Turanci: Lauyoyi, da alƙalan wasan tenis. In ƙwallon buɗe wasa ya shafi raga ya faɗa daidai, "let" ake kira, a sake bugawa.

Ɗan Zariya: Ni fa ban janye duka ba, Malama. Masana asalin kalmomi suna mayar da su biyun ga saiwa ɗaya mai nufin sassautawa. Wanda ya saki jiki ai shi ke makara. Ashe 'yan gida ɗaya ne.

Malamar Turanci: 'Yan gida ɗaya, na yarda. Amma kai cewa ka yi mutum ɗaya ne ya sake riga, nan ne ban bi ka ba.