Masu bin tseren gangara ƙasa-ƙasa, yaya kuke ɗaukar allo (katako mai taya da ake tsayawa a kai) da luj (wanda ake kwanciya a kai) daga wannan tudu zuwa wancan?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana yawan tambaya a kan tafiya tsakanin tsere da tsere, musamman ga mai son haɗa Kozakov ta ƙasar Cek da wani tudun Turai a bazara ɗaya, ko ya wuce Maryhill a Amurka. Don Allah wanda ya saba ya faɗi yadda ake yi dalla-dalla, na tsaye da na kwance duka. Bari in fara da awon kaya. Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 158. Jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da za ka biya, sai dai ka raba ta biyu. Allon tsaye da ke ƙasa da mita ɗaya yana shiga doguwar jaka in an kwance masa tirok, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi a ƙarƙashinsa. Kayan fata kuwa suna cin kilo huɗu zuwa biyar su kaɗai, kowane saitin taya huɗu kusan kilo guda, ga hular kwano, ga takalma, ga sifanu. Kafin ka sa riga ɗaya ta sawa, rabin awonka ya tafi.

Mai Luj:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gangare, ku na tsaye kuna cikin ni'ima. Luj ɗin titi firam ne na alminiyom da mutum zai kwanta a kansa ya miƙe, da yawansu sun fi santimita 158 tun ba a auna faɗi ba, don haka kayan da suka wuce kima ne tun daga gida. Hanya biyu ce. Ko dai a ƙera shi mai rabewa biyu da noti a tsakiya, ko a cire tirok da mariƙai da matakin ƙafa a zura firam ɗin a jakar masu wasan ƙanƙara, mai taya a gindi. Jakar ta dace da tsawon, amma akwai kamfanonin da farashin kayan ƙanƙara na kayan ƙanƙara ne kawai, in ma'aikaci ya zuge jakar ya ga ƙarfe sai ya mayar da kai farashin babban kaya. Saboda haka a rubuto wa kamfanin tsawo da nauyi tun kafin sayen tikiti, a karɓi amsa a rubuce, a buga ta a takarda. Maganar waya ba ta da shaida a gaban kanta.

Inda firam ke lalacewa kuwa shi ne hanci da wutsiya da kunnuwan da mariƙi ke zama. A naɗe su da soso mai kauri, a daɗa kwali, a ɗaure da salatif. Firam ɗin da ya ɗan murɗe ba ya nunawa a ido, sai ka kwanta a kai ka ji yana janka gefe guda. Da an sauka a ɗora shi a kan daɓe mai tauri wanda ya daidaita a danna kusurwa huɗu, in yana rawa to an taɓa shi. Mai luj ɗin katako, wanda tayarsa ba ta wuce milimita 70, shi ba ruwansa da duk wannan, jakarsa kusan ɗaya da ta na tsaye.

Makanikin Tudu:
Ni a kan noti zan tsaya, don shi ne ke hana mutane gwajin ranar farko. Kusan duk notin allo awon inci ne, ga girman sifanar kowanne: na aksul, sandar da taya ke juyawa a kai, rabin inci, na babbar kusar tirok 9/16, na kusoshin da ke ɗaure tirok a katako 3/8. Shagunan ƙarfe na Turai awon milimita suke sayarwa, zarensu ba ɗaya ba ne. Notin milimita 8 zai kama bakin aksul kamar zai shiga, in ka matsa masa sai ya cinye zaren, shi ke nan aksul ya tashi aiki. A ƙauyen da ke gindin tudu ba za ka sami na inci ba sai wurin ɗan'uwanka ɗan tsere. A riƙe notin aksul takwas, na babbar kusa biyu, kusoshin katako saiti guda cikakke, washa, da boris lamba 608 aƙalla takwas. Duka ba su cika tafin hannu biyu ba.

Notocin nan masu roba a ciki ne, robar ce ke hana su warwarewa da girgiza. Tafiya tana sa a kwance a ɗaura, a kwance a ɗaura, robar ta saki. Notin da ka iya juyawa da yatsa har ƙarshe, jefar da shi.

Kafin a kwance komai a ɗauki hoto, a ƙirga zaren da ya leƙo a saman notin babbar kusa, a rubuta "gaba" da "baya" a jikin kowane tirok da kowane bushin, wato robar da ke kan babbar kusar tirok. Tirok na baya kusurwarsa ta fi ta gaba kwanciya, bushinsa ya fi tauri, wannan ne ke hana allo karkarwa in gudu ya kai. Mutum ya sauka da gajiyar jirgi ya haɗa da dare da fitilar waya, ya musanya su, ba zai gane ba sai a miƙaƙƙen wuri, inda ba a so a gane. Kuma bushin yana bin yanayi: da sanyin safiyar dutse ya yi tauri, da zafin kwalta ya yi laushi. A tafi da mataki ɗaya sama da ɗaya ƙasa na taurin da aka saba.

Hajiya Mai Hula:
Sannunku da ƙoƙari. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: in jakar ba ta iso ba, me zan iya ara? Katako ana ara. Taya ana saya a sansani. Amma kayan fata ɗinkin jikinka ne, hular kwano awon kanka ce, tirok kuwa ƙafarka ta san nata. Masu duba kaya kafin tsere ba za su bar ka ka hau ba sai da hula mai rufe haɓa, da fata mai rufe jiki, in guda biyu ce zif ya haɗe riga da wando, da safar hannu. Don haka hula ta shiga jakar hannu, a cusa safar hannu da safa a cikinta, gilashinta a cire a naɗe da riga. Ba ƙyale-ƙyale ba ne: farin soson da ke cikin hula in ya sha matsa sau ɗaya ya gama aiki, kuma ba a gani daga waje. Rigar fatar a sa ta a jiki ko a rataya a hannu lokacin shiga jirgi, ba a auna ta. Wandon ne ke bin babbar jaka, a naɗe tirok a cikinsa.

Mai Luj:
Hajiya, a gafarce ni, tirok fa? Kin ce ba a aronsa, kuma kin tura shi babbar jaka.

Hajiya Mai Hula:
Gaskiyarka ƙanena. Dalili shi ne masu bincike ba su da magana ɗaya a kan ƙarfe mai nauyi. Wani fili ya wuce, wani a ce ka koma ka ba da shi, alhali jakarka ta riga ta tafi. A Amurka ma doka ta fito fili cewa kayan aiki da ya wuce inci bakwai ba ya shiga jakar hannu. Abin da ya fi, in jaka biyu ce, kada allo da tirok da fata su taru a ɗaya. In ku biyu ne, ku yi musaya: rabin kayanka a jakarsa, rabin nasa a taka. Batir na kyamara da fawa-bank kuma akasin haka, su a hannu suke tafiya, ba sa shiga babbar jaka. Gam ɗin da masu luj ke manna robar taya a tafin takalmin birki, da ruwan wanke boris, da duk abin fesawa mai kama wuta, a bar su a gida, a saya a can. A manna takalmi biyu tun a gida, gam yana son kwana guda kafin ya kama sosai.

In jaka ta ɓata ko ta fashe, kada a fita daga zauren kaya sai an cika takardar PIR, wato rahoton ɓata ko lalacewar kaya, an karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal, mai tsara haƙƙin fasinjan jirgin sama, ta ba da kwana 7 don ƙorafin lalacewa a rubuce, kwana 21 don jinkiri. Adireshin da za a bayar ya zama na masauki mai ƙofa da mai karɓa, direban kai kaya ba zai bi tantuna yana neman ka ba.

Baban Sansani:
Masu fasfo na Najeriya ko Nijar ko Gana, lissafinku daban yake da na abokan tserenku na Turai, kada ku kwafi jadawalinsu. Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai har da Cek, ana nemanta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa, in kwanakin sun yi daidai sai ƙasar da za ka fara shiga. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Suna son inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, fasfo mai sauran wata uku bayan fitarka, da shafi biyu babu komai. A haɗa da shaidar rajistar tseren da wasiƙar masu shiryawa. A nemi mai shiga da yawa in akwai niyyar fita a dawo. Kwana 90 cikin 180 ne iyaka, ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirgawa, amma abin da aka buga a jikin bizarka shi ne naka, yana iya zama ƙasa da haka.

Inshorar da ta ishi ofishin jakadanci ba lalle ta ishi asibiti ba. Da yawa sun cire gasa da wasanni masu haɗari a ƙananan rubutu. A tambaya a rubuce ko ta ƙunshi tseren gangara da sunansa, da ɗaukar mara lafiya daga dutse. Wanda zai je Maryhill ya fi kowa buƙatar wannan, kuɗin asibitin Amurka ba wasa ba ne.

Katin allurar shawara ya kasance cikin fasfo. Afirka ta Kudu tana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, to mai nufin Kogelberg kusa da Cape Town ya kula, haka Ostareliya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har abada. Sai tikiti biyu daban-daban don neman araha: jakarka ba za ta wuce da kanta ba, dole ka fita ka ɗauka ka sake bayarwa, fitar nan kuwa shiga ƙasa ce, tana son biza.

Ɗan Gangare:
Baba, Allah ya saka. A ƙara mana da zancen ƙasa, bayan an sauka.

Baban Sansani:
Babu tudun da ke bakin filin jirgi. Kozakov daga Prag ne, jirgin ƙasa yana kai mutum Turnov, sauran hawan sai mota, kuma kuɗinsu koruna ne ba Yuro ba, a riƙe tsaba don sansani. Maryhill daga Portland kusan awa biyu ne a mota, kusa da Goldendale, hanya ce ta kusan kilomita uku da rabi mallakar gidan tarihin Maryhill, kwana a kan kwana, ga iskar kwarin kogin Columbia. Teutônia ta Brazil daga Porto Alegre ake zuwa, Mount Panorama ta Ostareliya kuma a Bathurst take, wajen kilomita 200 daga Sidni. Motar haya tana son lasisin ƙasa da ƙasa tare da na gida, da katin bashi don ajiyar jingina. Mai luj ya nemi mota mai dogon baya da kujeru masu kwanciya. Manyan hanyoyin Cek da Ostiriya da Siwizalan ana biyan izininsu tun kafin a hau. A Ostareliya da Afirka ta Kudu hagu ake bi, kuma a ranar tsere ba matsala don hanya a rufe take, amma mai fita gwaji a buɗaɗɗiyar hanya jikinsa zai kai shi hannun da ya saba a tsakiyar kwana.

Ostareliya tana da tsanani a kan ƙasa da ciyawa. Dammunan ciyawar da ake jerawa a kwana suna barin tsaba a zif da cikin takalmi da gindin tanti. A wanke taya, a goge turakun tanti, a bayyana kayan a takardar shiga, katako ma a ambata.

Makanikin Tudu:
Taya kada a yi dakonta daga nahiya zuwa nahiya. Sabuwar fatar taya ita ce riƙo, zagaye kaɗan take yi ta tafi, shi ya sa mai neman sakamako ke ajiye sabon saiti don gwajin lokaci da zagayen ƙarshe, ya yi atisaye da tsoffi. A taho da saiti biyu da na ruwa mai tsagi guda, sauran a yi oda daga shagon da ke cikin Tarayyar Turai zuwa masauki. In daga waje aka aiko, kwastan za ta riƙe ta sai an biya haraji, tsere ya wuce tana ɗaki. Kada a bar ta a mota cikin rana. Bayan tseren ruwa a buɗe boris a busar a sa mai a daren, in ya kwana biyu a jaka tsatsa ta kama.

Hajiya Mai Hula:
Haka fata. Jiƙaƙƙiyar fata ba a rufe ta a jaka, tana yin fumfuna, ba a kuma kanga ta a wuta, tana ƙandarewa ta tsage a ɗinki. A juya ta a rataya a inuwa mai iska. Wannan kaɗai ya isa a bar kwana biyu tsakanin ƙarshen tsere da jirgi. A gaba kuma kwana uku kafin gwajin farko in an ƙetare teku: Maryhill tana bayan agogon Najeriya da awa takwas a bazara, Bathurst tana gaba da awa tara ko goma, mai gyangyaɗi ba ya ganin wurin birki. Kwanakin nan ne kuma jakar da ta makara ke isowa.

A Cek a watan Yuli rana tana daɗewa, isha ta yi nisa, asuba ta zo da wuri, a tsara barci da rana tsakanin hawa da hawa. Abincin sansani kuma naman alade ya yi yawa, a takardar abinci kalmar ita ce vepřové. A tsaya a babban kanti a Turnov a sayi burodi, ƙwai, kifin gwangwani da ƙaramin risho, amma tukunyar gas ɗinsa a bar wa na baya, ba ta hawa jirgi.

Mai Luj:
Risho ɗin ma a wanke shi ya daina warin mai kafin a sa a jaka, in ba haka ba a fili za a karɓe shi.