Saura mako biyar mu buɗe kakar tseren jiragen filafili, ku ba ni labarin abin da ya taɓa cin ku

Sabon Sakatare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A taronmu na ƙarshen shekara aka ɗora min sakataren tsere na kulob, ba don na fi kowa sani ba, na fita amsa waya ne kawai na dawo na tarar har an tafa min. Jiragenmu ƙanana ne, na mutum ɗaya da na mutum biyu, kowa da aikin da yake ci da shi, sai ƙarshen mako muke haɗuwa. Na sa ranar aikin gayya amma gaskiya ban san ta ina zan kama ba. Don Allah wanda ya taɓa shirya buɗe kaka ya faɗa min abin da ya same shi shi da kansa, na littafi kam ina da shi.

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya taya ka riƙo. Ni abin da ya fara cin mutuncina a bainar jama'a bai kai girman babban yatsa ba, ɗan murfin nan ne na toshe ramin baya da ake tsiyaye ruwa. Laser ce da ni, irin ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya, wadda yanzu ake kira ILCA, tsawonta mita 4.23 kacal, na kwana biyu ina goge cikinta da samfefa mai laushi har ina ganin fuskata, na sayi sabbin igiyoyi, ranar farko na tura ta ruwa ina ji da kaina. Kafin in kai alama ta farko cikin waɗanda ake jefawa a ruwa ana kewayawa sai na ji jirgi ya yi nauyi kamar ina jan jaki mai taurin kai, kowa na wuce ni har yaran da na koya wa tuƙi, in na juya sai in ji ruwa na gudu a cikin cikinta daga wannan gefe zuwa wancan. Ashe murfin na cikin aljihun rigar da na bari a mota tun ranar da na cire shi don jirgin ya bushe. Mu huɗu muka kasa ɗora ta kan keken ja sai da ta yi ta tsiyaya.
Tun daga nan kowace shekara ina gwada ta da ruwan sabulu. Ka shafa kumfa a duk mahaɗa, gindin ramin sandar filafili, bakin ramin allon tsakiya da ake zurawa ƙarƙashin jirgi, kan kowace kusa, sai wani ya hura iska a hankali ta ramin bayan, a hankali fa, in ka sa famfo mai ƙarfi kai da kanka za ka fasa ta. Inda ka ga kumfa na tashi nan ɓarawon yake. Ka kuma cika ramin sanda da ruwa ka bar shi, in ka dawo ya ragu to akwai magana.

Mai Jirgin Ceto:
Baba ya faɗi na masu tsere, ni bari in faɗi namu da ba a tunawa da mu sai wani ya kife. Malam sakatare ka fara da injin jirgin ceto kafin komai, in babu shi babu tsere, a zauna a tudu kawai. Wata shekara aka bar fetur a tanki wata da watanni, ranar buɗewa na ja igiya na ja har hannuna ya yi kanta inji ko tari bai yi ba, man ya lalace ya daskare a kafireta, jirage kusan ashirin sun gama ɗaura filafili suna kallona. Shekarar da ta biyo ya tashi lafiya lau na ce alhamdulillahi, sai na lura ɗan ruwan nan da yake fesowa ta baya ba ya fitowa, robar famfon sanyaya inji ta bushe ta karye. Da ban duba ba da mun ƙona shi.
Sai igiyar kashe inji, jar nan da direba ke ɗaurawa a ƙafa. Ka gwada ta inji na aiki, ka fizge ka ga ya mutu. Akwai wadda rana ta cinye ta saki, ga ta nan a ido kamar lafiyayya. Kuma farkon kaka a wuraren da ake sanyi ruwa bai ɗumama ba ko da rana ta fito, mutum ya faɗa sai numfashi ya sarƙe masa, ga shi kowa hannunsa ya yi tsatsa, ranar farko ake fi kifewa.

Ɗan Autan Kulob:
Ni ɓeraye ne wallahi. Na naɗe filafili na ajiye a sito, na buɗe na tarar sun yi gida har da 'ya'ya, rami uku, ɗaya hannuna na shiga. Ku warware naku tun yanzu, mai ɗinki layi gare shi in kaka ta matso.

Uwar Tutoci:
Sannu da ɗawainiya ɗana. Shekara ta bakwai ke nan ina zama a jirgin alƙalai, abin da zan ce maka shi ne ka buɗe jakar tutoci ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da idonka, kada ka yarda da "suna nan". Mu mun taɓa fita, jirgi biyu suka tsallake layi kafin lokaci, na miƙa hannu in ɗauko tutar X, wadda ake ɗagawa don su dawo, babu ita, wani ya ara bai dawo da ita ba, dole muka soke tashin gaba ɗaya waɗanda suka tashi da kyau suna ta min tsiya.
Ka tara waɗanda za su riƙe agogo ku yi gwaji a tudu. Saura minti 5 a tashi tutar aji, wato ta rukunin jiragen da za su tashi, ta hau da ƙara ɗaya, saura 4 tutar P ta shiri ta hau, saura 1 a sauke P da doguwar ƙara, lokaci ya cika a sauke ta aji. Ka ga kamar wasa ne amma in iska na kaɗawa jirgi na rawa wani na maka surutu a kunne sai ka ga an sauke wadda ba ita ba. Kuma a dokance tuta ake bi, ko hon ya ƙi kuka lokaci na tafiya, wannan kullum sai na maimaita wa mutane.
Littafin dokokin ma ka duba wanne ke hannunku. World Sailing, hukumar tseren jiragen filafili ta duniya, na sabunta shi duk shekara huɗu, bayan gasar Olamfik, akwai wanda ya fara aiki a Janairun 2025. Mun taɓa zaman sauraron ƙara mutum biyu na musu kowa da littafinsa a hannu, ashe na ɗayan tsohon bugu ne.
Abin da ya fi ci min rai kuwa jadawalin aiki. Kowa na son tsere, ba mai son ya zauna riƙe tuta. Ka rubuta sunan kowa da ranarsa tun kafin a buɗe, wanda ba zai samu zuwa ba shi zai nemo madadinsa, ba kai ba. In ka yi sanyi a nan to kai da jirginka sai dai kallo har kaka ta ƙare.

Mai Jirgin Biyu:
Hajiya ta gama magana kan jadawali. Nawa labarin fil ne, ɗan fil ɗin da ke riƙe ƙusar wayar da ta tallafe sanda ta gefe. Ni da abokin tuƙina muna cikin tafiya iska ta ɗan taso, ba wata babba ba, muka juya, sai ji muka yi ƙas, sanda da filafili gaba ɗaya suka kwanta cikin ruwa, Allah ya sa ba kan ɗayanmu ba. Fil ɗin ya buɗe ya zame tun yaushe ban sani ba. Yanzu duk fil sai na naɗe shi da tef, kuma ina bin waya da tsumma, in tsumma ya maƙale to silin waya ya tsinke, ba na jira sai in canza. Ku duba boris ɗin tirela ma, wanda ake shiga ruwa da shi giris ɗinsa wankewa yake.

Tsohon Matuƙi:
Tef ɗin nan fa ku riƙa cire shi duk shekara ku leƙa, yana ɓoye tsatsa. Na ga wanda ya naɗe ya manta shekara uku.

Mai Lissafi:
Ni rigimar maki ce ta kusa sa in bar kulob. Jiragenmu iri-iri ne shi ya sa muke amfani da lambobin Portsmouth da RYA, ƙungiyar matuƙa jiragen ruwa ta Birtaniya, ke fitarwa, kowane irin jirgi da lambarsa gwargwadon gudunsa, ka ɗauki lokacin da mutum ya yi ka ninka da 1000 ka raba da lambar jirginsa. To lambobin nan ana taɓa su shekara-shekara, ni kuma na ci gaba da na bara ban sani ba, sai da aka yi tsere shida wani ya gano, da na sake lissafi na ɗaya ya koma na biyu, mutumin nan har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Ka rubuta komai a takardar ƙa'ida kafin tseren farko, lambobin wace shekara, tsere nawa za a yi, guda nawa mafi muni mutum zai yar. In an fara kowa ya ga makinsa, duk gyaran da ka kawo sai an ce don wane ka yi.

Sabon Sakatare:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Na je sito ɗazu da yamma saboda maganar Hajiya, tutoci sun cika amma hon ɗin iska babu komai a gwangwaninsa, alamomin tsere guda biyu da ake hura wa iska kuma sun sace. Igiyoyin ankarsu duk a cukurkuɗe cikin bokiti ɗaya. Yaya mai jirgin ceto, su ma akwai abin dubawa ne ko in warware kawai?

Mai Jirgin Ceto:
Akwai mana. Ka auna tsawon kowace ka rubuta a jikin alamar, don zurfin ruwa na bana ba lallai ya zama na bara ba. Mun taɓa jefa alamar sama, ta wajen da iska ke fitowa, da igiyar da da ƙyar ta taɓa ƙasa, iska ta ƙaru anka ya ɗaga, alama ta kama tafiya, na gaba ya kewaye ta a wuri ɗaya na baya suka bi ta har kusan bakin gaɓa suna zagina. Ni yanzu ina ba ta igiya da rara sosai da ɗan guntun sarƙa kusa da anka. Waɗanda suka sace ɗin ka hura su ka bar su kwana biyu ka gani, in bawul ne kawai kada ka yar, ina da guda biyu a akwatin kayan aikina zan taho da su ranar gayyar.