Wai dole ne sai gem ya riƙe mana hannu kamar ƙananan yara?

Dogon_Zango

Salam jama'a. Dan Allah ina son jin ra'ayinku, ko ni kaɗai ne abin nan yake ƙona wa rai. Jiya da daddare ina buga wani gem, ba zan kama suna ba, na shiga wani kango an ɗaure ƙofarsa da sarƙa, akwai dabarar da za ka yi ta buɗe. Wallahi ko daƙiƙa goma ban yi ina dube-dube ba sai yaron da ke bina a gem ɗin ya ce wai ko zan gwada jan wancan ƙarfen na sama. Haba! To ni meye amfanina, sai ya karɓi fad ɗin, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa gem, ya buga mana. Ga sikirin kuma a cike maƙil, taswira a kusurwa, kibiya a sama tana ƙirga min mita nawa ya rage, jerin mishan, wato ayyukan da aka ba ka, a gefen dama, duk dutsen da za a hau an shafe shi da fenti rawaya. Sai da na yi awa biyu sannan na lura ban ma kalli garin da suka sha wahalar zanawa ba, idona yana kan 'yar taswirar nan ina bin ɗigo kamar raƙumi da akala. Ku wanne kuka fi so, a nuna muku hanya ko a ƙyale ku ku nema?

Mai_Fad

Ɗan uwa kamar ka shiga zuciyata. Kuma abin haushin ba wai ba a san yadda za a yi ba ne, tun 2008 Dead Space ya nuna hanya. Babu komai a gefen sikirin, layin ranka yana jikin rigar mutumin ne a gadon bayansa, harsashin da ya rage kuma a jikin bindigar yake fitowa, to idonka bai taɓa barin wurin da dodon zai ɓullo ba. A shekarar ne ma Far Cry 2 ya fito, can taswira a hannu kake zaro ta, gem ɗin ba ya tsayawa ya jira ka, kana tuƙi kana leƙe. Amma ni wanda ya fi burge ni Ghost of Tsushima ne na 2020, ka shafa yatsa a kan fad sai iska ta taso ta kaɗa ciyawa da ganye zuwa inda za ka, wani lokacin tsuntsu ko yanyawa ne za su ja ka wani wurin. Ai shi ma nuna hanya ne in ka duba, sai dai bai raina maka hankali ba.

Uwar_Biyu

Ku dai kuna da lokaci ne malamai. Ni sai yara sun yi barci nake samun minti arba'in, in na yi sa'a, kuma wani lokacin sai in yi sati biyu ban kunna ba, in na dawo na manta wa ya aike ni, ina zan je, me ma nake nema. Elden Ring na 2022 ba shi da littafin mishan, masoyansa suna yaba masa a kan haka kuma na fahimce su, amma irin wannan tsarin ba nawa ba ne, ban shirya riƙe biro da takarda don in yi wasa ba.

Shi fentin nan da kuke zagi kuma, an yi wannan cacar a kan Resident Evil 4 sabon na 2023, aka sake yi a 2024 da Final Fantasy VII Rebirth, kuma da dalilinsa fa. A tsofaffin gem abin da za ka iya taɓawa shi kaɗai yake fita daban, sauran duk hoto ne kawai. Yanzu girafik ya yi kyau har ya zama matsala, duwatsu ɗari a gabanka duk iri ɗaya, uku ne kawai ake hawa, ta ina za ka gane? Kafin su saki gem suna zaunar da mutane su gwada, in suka ga ana ta maƙalewa a wuri ɗaya sai a shafa fenti. Ku da kuka yi shekara ashirin kuna bugawa ba ku kaɗai aka yi wa ba.

Yatsa_Huɗu

Hhhh ku masu talbijin da fad kuna kukan daɗi. Mu 'yan waya babban yatsanmu ma ya rufe kwatan sikirin kafin a zo maganar taswira. Shi ya sa har gobe nake jinjina wa PUBG Mobile, kowane botin za ka iya ja ka kai inda kake so, ka ƙara masa girma, ka rage masa duhu ya zama kamar gilashi, ni na harbi na mai da shi sama ta hagu ina danna shi da manuniya, manyan yatsu suna tafiya da saiti. Sati biyu na yi ina shan kashi kafin hannuna ya saba, yanzu ko ido a rufe. Abin da ke ba ni haushi ni ba cikin wasa yake ba, wani gem da nake bugawa in ka kunna sai ka rufe talla biyar kafin ka ga botin ɗin farawa, alamar rufewar kuma 'yar mitsitsiya, ka kuskure kaɗan ka tsinci kanka a shagon sayen kaya, ga jajayen ɗigo a kan kowane menu ka danna ka ga ba komai. Wannan kam da gangan ne, kar wani ya ce min kuskure ne.

Shiru_Kake_Ji

Bari in sa baki kaɗan. Ni ba na bambance ja da kore sosai, kuma ba ni kaɗai ba, kusan namiji 1 cikin 12 haka yake. In gem ya yi abokan gaba ja, namu kore, ba wata alama daban, to na shiga uku. Abin da wani yake gani cunkoso ne, wani da shi yake gani. The Last of Us Part II ya zo da saiti sama da 60 na irin wannan a 2020, har da wanda zai dusashe komai ya bar mutane da kayan ɗauka da launi mai ƙarfi, ga ƙara girman rubutu. Ni dai a ba kowa zaɓi. Assassin's Creed Odyssey tun farko yake tambayarka a nuna maka wuri ko a kwatanta maka ka nema, Breath of the Wild yana da saitin da zai share kusan komai sai zukatan ranka, Star Wars Outlaws ma ya bari a kashe fentin. Oga Dogon_Zango ka leƙa saitin naka tukunna?

Dogon_Zango

Na leƙa yallaɓai, ban san ma akwai ba, an binne shi can menu na uku. Na kashe taswira da kibiya duka, minti ashirin na farko daɗi kamar me, har na ga wata hasumiya da na wuce ta sau goma ban taɓa lura ba. Sai aka ba ni sabon mishan, mutumin ya ce kawai in je in samu ɗan'uwansa, bai ce gabas ba bai ce yamma ba, don su masu gem ɗin sun san kibiya ce za ta kai ka, ba su rubuta masa kwatance ba. Na yi ta bulayi a daji har na haƙura na mai da kamfas ɗin sama kawai. Maman Biyu na ba ki gaskiya rabi. Yaron nan dai har yanzu bai yi shiru ba, babu saitinsa, in na rage muryoyi kuma labarin zai wuce ni. Akwai wanda ya san dabara?