Abin da na tsinta daga muhawararmu kan shagulgulan da ba na addini ba

Wani ya tambaya: wanda ba ya son haɗa murnarsa da addini, ina zai sa kansa a Maraɗi? Magana ta yi tsawo, ga abin da na tattara.

1. Kusan kowa ya ce ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Akwai 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai ta 1960, wadda ake dashen itace. Akwai 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya. Da yawa sun tuno Maraɗi Kwalliya, bikin wannan rana da aka yi a Maraɗi a 2015. Sai kokawa, wadda aka fi daɗewa a kanta: filin Yakuba Kantu in ya cika, kiɗa na tashi, ƙura ta turnuƙe, ba mai tambayar na kusa da shi ko ya yi salla. Wani ya ce ai 'yan kokawar ma da layu suke shiga. Dariya kawai aka yi.

2. Cin jarrabawar bak ko BEPC: tabarma, shayi a fada, kilishi, a kira abokan lakwal. Kada a ci bashi.

3. A kan anibarsar, wato bikin ranar haihuwa, aka rabu. Wasu sun ce al'adar Nasara ce, wasu sun ce kek ɗaya da yara biyar bai cuci kowa ba. Ni ina tare da na biyun.

4. Suna, aure da zaman makoki: mafi yawa sun ce a je don zumunci, a zauna da ladabi, ba gardama da dattawa. Mutum biyu sun kira hakan munafunci. Ba a daidaita ba.