Yaya ake gane labarin da na'ura ta rubuta?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. An sa ni cikin masu tace gajerun labaran da aka aiko wata ƙaramar gasa, kuma akwai waɗanda nake karantawa raina bai kwanta da su ba. Ba kuskure ko ɗaya, jimloli tsaf, amma da na ajiye sai in nemi labarin a kaina in rasa. Ina zargin manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta su, sai dai ina tsoron ɗora wa wani laifin da bai ji ba bai gani ba. Akwai manhajar gano rubutun na'ura da kuka yarda da ita?

Malam Bashir: Wa'alaikumus salam Malama. Don Allah kada ki yanke wa kowa hukunci da manhajar ganowa. Kamfanin OpenAI, masu ChatGPT, sun fitar da tasu a watan Janairun 2023. Da bakinsu suka faɗa cewa kashi 26 cikin ɗari kawai take kamawa na rubutun na'ura, sannan kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane tana ce masa na na'ura ne. Zuwa watan Yulin shekarar sun janye ta saboda rashin inganci. An yi sababbi bayan nan, masu su na cewa sun fi, amma har yau abin da suke ba ki zato ne da aka sa wa lamba.

Dakta Zainab: Malam Bashir ya yi gaskiya, kuma akwai abin da ya fi damuna. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin ganowa guda bakwai a kan rubutu 91 da ɗaliban da Ingilishi ba harshensu na gado ba ne suka yi na TOEFL, jarrabawar gwada iya Ingilishi. Sama da kashi 60 cikin ɗari aka ce na'ura ce ta rubuta. Rubutun yaran Amurka kuwa kusan duka an gane na mutum ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na'ura tana rubutu ne ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin da aka gwada kuma suna auna yadda kalmomi ke zuwa daidai inda ake tsammaninsu. To wanda yake rubutu a harshen da ya koya a aji, yana kaffa-kaffa da nahawu, yana amfani da kalmomin da ya tabbatar da su, shi ne zai fi faɗawa tarkon. Mai takatsantsan ake kamawa, shi kuwa wanda ya sa na'ura ta rubuta ya ɗan jujjuya jimlolin ya wuce abinsa.

Malama Hadiza: Subhanallahi. To in babu manhaja, me zan duba ke nan Dakta?

Yaya Nura: Ƙanwata bari in shigo nan, don karatun rubutun mutane kafin a buga shi ne sana'ata. Ni abin da nake fara dubawa shi ne yadda labari yake tafiyar da baƙin ciki. Na'ura tana son ta sanar da ke abin da tauraro yake ji, ta kira shi da sunansa, sannan ta yi saurin lallashin ki. Za ki ga jimla irin wannan: "Zuciyarta ta cika da baƙin ciki mai nauyi, amma a can cikin ranta ta san gobe za ta zo da sabon fata." Babu aibu a jimlar, za ta shiga kowane labari na kowace mace a duniya, kuma matsalar ke nan.

Marubucin da ya taɓa zama kusa da wanda aka yi wa rasuwa zai iya rubuta cewa da dare ya yi ta ɗauki wayar mijin ta sa a caji kamar kullum, ta kwanta. Bai ce tana baƙin ciki ba. Ya ga abin a wani wuri, ko ya ji, ko ya yi ta tunanin matar har ya san abin da hannunta zai yi ba tare da ta sani ba. Irin wannan ƙaramin abu nake nema, abin da ba kowa zai kawo ba, wanda kuma yake da aiki a labarin. Na'ura ma tana kawo ƙananan abubuwa, ƙamshin ruwan sama, hasken yamma a jikin labule, amma in kin cire su babu abin da zai ragu.

Sai hira tsakanin taurari. Mutane ba sa faɗin abin da ke ransu kai tsaye, musamman lokacin faɗa. Ana tambayar mutum abu ya amsa wani daban, ya katse magana, ya kawo tsohon zancen da ba shi ake yi ba. Taurarin na'ura kuwa kowa yana jiran ɗan uwansa ya gama, kowa ya fahimci kansa sarai, kowa yana iya bayyana damuwarsa a cikakkiyar jimla. Yaro ɗan shekara bakwai da kakarsa muryarsu ɗaya. Kuma ki lura da ƙarshe: kusan kullum sai an sasanta, sai wani ya koyi darasi, sai an rufe da jimla mai kama da wa'azi.

Anti Rabi: Nura ban ƙi taka ba, amma duk abin da ka lissafa ina ganinsa a rubutun sababbin marubuta tun kafin a san wani abu ChatGPT. Wanda ya fara rubutu jiya shi ma yana cewa zuciyarta ta cika da baƙin ciki, shi ma yana rufewa da darasi. Ai daga rubutun mutane na'urar ta koya. In Hadiza ta bi ma'auninka ido rufe, yara masu tasowa za ta kora.

Yaya Nura: Haka ne Anti. Sai dai sabon marubuci yana da tuntuɓe irin nasa. Za ki ga shafi biyu marasa daɗi, sai kwatsam jimla ɗaya mai rai da ta fito daga abin da ya sani. Zai daɗe a inda ya fi so, ya yi gaggawa a inda ya gaji. Rubutun na'ura daga farko har ƙarshe mataki ɗaya yake, ba ya hawa ba ya sauka, sakin layi duk kusan tsawo ɗaya. Wannan santsin shi ke sa ni tsayawa in sake karantawa. Ban ce hujja ba ce.

Umar Faruk: Ni dai ina ganin muna yarda da idonmu fiye da kima. A Nuwamban 2024 mujallar Scientific Reports ta buga binciken wasu malamai biyu na Jami'ar Pittsburgh. An ba mutane waƙoƙin manyan mawaƙan Ingilishi haɗe da waɗanda ChatGPT ta yi, aka ce su bambance. Abin da suka samu daidai bai kai rabi ba, wato da ƙuri'a suka jefa da sun fi haka. Kuma da aka ce wasu su auna kyau, na na'urar suka fi so, don sun fi sauƙin fahimta.

Malam Bashir: Umar waɗancan masu karatu ne na gama-gari, ba waɗanda suka saba da rubutun na'ura ba. Akwai wani bincike na 2025 da aka samu mutum biyar masu yawan amfani da manhajoji irin ChatGPT wajen aikin rubutu, aka ba su maƙaloli 300. Da aka bi ra'ayin mafi rinjayensu, ɗaya tak suka kuskure. Maƙaloli ne ba ƙagaggun labarai ba, amma darasin ya shafe mu: ido yana koyo.

Saboda haka Malama, ga abin da zan ce ki yi tun kafin ki ci gaba da tacewa. Ɗauki jigon gasar yadda aka sanar da shi, ki ba manhajoji biyu ko uku, ki ce su rubuta miki gajeren labari, ki maimaita sau da yawa. Ki zauna ki karanta su a jere. Za ki fara ganin sunaye suna dawowa, mafari iri ɗaya, kwatance iri ɗaya, abubuwa a jere uku-uku. A Ingilishi har an san sunan Elara da yawan fitowa a labaran na'ura. Bayan wannan karatun, idonki ba zai koma yadda yake da ba.

Dakta Zainab: Wannan shawara ce mai kyau, kuma bincike ya goyi bayanta. A 2024 mujallar Science Advances ta buga gwajin da aka sa mutane rubuta gajerun labarai, wasu da taimakon dabarun da na'ura ta ba su, wasu ba tare da shi ba. Labaran masu taimakon an fi yaba su ɗaya-ɗaya, musamman na waɗanda ƙirƙirarsu ba ta da ƙarfi, amma sun fi kama da juna. Ke da kike da tarin labarai a gabanki kin fi mai karanta guda ɗaya dama. Ki jera waɗanda kike zargi ki ga ko suna kama da juna fiye da yadda rubutun baƙi zai yi.

Maman Ikram: Haka ta faru da mujallar Clarkesworld ta Amurka, mai buga ƙagaggun labaran kimiyya. A Fabrairun 2023, wata uku kacal da fitowar ChatGPT, editanta Neil Clarke ya rufe karɓar labarai na ɗan lokaci saboda sama da 500 na na'ura da suka kwararo masa a watan. Ya ce yana ganin alamomin, amma ya ƙi bayyana su don kada masu yi su gyara. Ku ma kada ku wallafa jerin abubuwan da kuke dubawa.

Umar Faruk: Kuma alamomin ba sa zama wuri ɗaya. Na 2023 yawanci sun tsufa. Wanda ya iya ba na'ura umarni zai ce mata kada ta rufe da darasi, ta sa taurari su riƙa katse juna, kuma za ta yi. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Anti Rabi: Akwai tambayar da ba wanda ya yi. Hadiza, me dokar gasarku ta ce? Don abin ba fari da baƙi ba ne kawai. A Janairun 2024 Rie Kudan ta ci kyautar Akutagawa, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabi a Japan, ta kuma faɗa a bainar jama'a cewa kusan kashi 5 cikin ɗari na littafin daga ChatGPT ta ɗauko. A cikin labarin akwai na'ura mai magana, amsoshinta ne abin ya shafa. Ba a karɓe kyautar ba. To wanda ya rubuta labarinsa da kansa ya ba na'ura ta gyara masa nahawu fa? Wanda ya rubuta a harshensa ya sa ta fassara fa? Rubutunsu zai ɗauko ƙamshinta alhali labarin nasu ne.

Malama Hadiza: Anti abin da aka rubuta kawai shi ne labari ya zama ƙirƙirar marubuci, ba a ambaci na'ura ba.

Anti Rabi: To wannan karon ku yi adalci da abin da kuka rubuta, na gaba ku fayyace. Amazon tun Satumban 2023 ta raba abin gida biyu ga masu buga littafi a dandalinta: abin da na'ura ta ƙirƙira dole ka sanar da su, abin da kai ka rubuta ta taya ka gyarawa ba sai ka sanar ba. Kuna iya aron wannan rabon. Mutane da yawa za su faɗi gaskiya in an tambaye su tun farko a takardar shiga.

Yaya Nura: Ga waɗanda kike zargi yanzu kuwa, ƙanwata, ki kira marubucin ku yi hira. Kada ki fara da tuhuma, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ki ce labarinsa ya kai matakin gaba, kuna tattaunawa da kowa. Sai ki tambaye shi me ya cire daga rubutun farko, wane wuri ya fi ba shi wahala, me ya sa tauraruwar ta ƙi buɗe wasiƙar a shafi na biyu, ina mahaifinta yake tunda labarin bai faɗa ba. Wanda ya rubuta ya san abubuwa da yawa game da mutanensa da ba su shiga takarda ba, har sai kin tsayar da shi. Wanda aka rubuta wa zai maimaita miki abin da ke shafin ne kawai.

Dakta Zainab: Ki haɗa da neman rubutun farko. Google Docs, manhajar rubutu ta Google, yana ajiye tarihin gyare-gyare da lokacinsu, za ki ga ko labarin ya girma a hankali ko an manna shi ne gaba ɗaya cikin minti guda. Amma wanda ya rubuta a takarda ko a manhajar rubutu ta waya sannan ya kwafo, nasa ma a manne zai bayyana, don haka ki karɓi hoton littafin rubutu ko tsofaffin saƙonnin da ya tura wa abokai su duba masa.

Maman Ikram: Kuma a yi la'akari da mai jin kunya. Wani ya iya rubutu amma in an sa shi a gaba bakinsa sarƙewa yake. Irin wannan a ba shi tambayoyin a rubuce, ko a ce ya ƙara shafi ɗaya a labarin a zaune tare da ku.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In hirar ta ƙare ban samu tabbas ba fa, Yaya?

Yaya Nura: Sai ki auna labarin a matsayinsa na labari, ki ba shi makin da ya cancanta, kada ki rubuta zarginki a ko'ina da sunan mutum a jiki. Ki kuma ba wani alƙalin ya karanta ba tare da kin gaya masa abin da kike tunani ba, ku haɗa abin da kowa ya gani daga baya.