Wace irin fankar sama ce ta dace da barandar tsakar gida?

Mai Baranda, daga Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu aikin lantarki da duk wanda ya riga ni yin irin wannan aiki. Mun kammala gina baranda a tsakar gida domin iyali su riƙa zama da yamma da farkon dare a lokacin bazara, sa'ad da ɗakuna ba sa shiguwa saboda zafi. Tsawonta ƙafa 24 ne, faɗinta ƙafa 12, rufin kuwa kwano ne a kan ginshiƙan ƙarfe, tsayinsa ƙafa 11 ta jikin bango, ya gangaro zuwa ƙafa 10 ta baki. Bango ɗaya kawai take da shi, sauran ɓangarorin uku a buɗe suke, bakinta kuma gabas yake kallo. Ba a sa silin ba tukuna.

Na shiga kasuwar Sabon Gari, wani mai shago ya ce fankar ɗaki ta yau da kullum ta wadatar tunda akwai rufi, wani kuma ya nuna mini wadda ya ce ta waje ce, kuɗinta ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Shin bambancin da ke tsakaninsu na gaske ne? Guda nawa ya kamata in ɗaura, kuma mai wane girma? Da dare mun fi dogara da sola da inbata, don haka cin wuta ma abin dubawa ne a wurina.

Mai Wayarin, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri. Bambancin na gaske ne, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne cewa bakin barandar gabas yake kallo. A ƙasarmu hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa, iska mai ƙarfi ta riga shi zuwa da ƙura, sannan ruwan ya biyo baya a karkace, abin da ya sa magina na gargajiya suke ba bangon gabas kulawa ta musamman wajen yaɓe. Rufi yana tare ruwan da ke sauka kai tsaye, amma ba ya tare feshin da iska ke korowa, kuma a baranda mai faɗin ƙafa 12 fankar da ke tsakiya ƙafa 6 kacal ke tsakaninta da baki. Fankar ɗaki akan yi ta ne ba tare da an yi la'akari da ruwa ba, don haka danshi yana samun hanyar shiga ta wajen sandar da take rataye a kai, ya isa ga boris da kwayil, ya kuma taru a cikin kofin da ke rufe kafasita da mahaɗar wayoyi. Da farko za ka fara jin ƙara, daga baya gudunta ya ragu, wata rana kuma kwayil ya ƙone ko jikinta ya fara jan mutum, wanda shi ne abin da na fi tsoro a rumfar da ginshiƙanta ƙarfe ne kuma yara suna wasa a ƙarƙashinta.

Kada ka tsaya a kan maganar mai shago, ka nemi a nuna maka rubutun da ke jikin kwali ko jikin injin. Kayan lantarki da aka yi don waje suna ɗauke da haruffan IP da lambobi biyu a bayansu, lambar farko tana nuna kariya daga ƙura da ƙananan abubuwa, ta biyu kuma kariya daga ruwa. IP44 na nufin abin da ya kai kaurin milimita 1 ba zai shiga ba, kuma injin zai jure feshin ruwa ta kowace fuska, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi a baranda irin taka. IP65 kuwa ƙura ba ta shiga sam, yana kuma jure ruwan da aka feso da tiyo. Idan babu wannan rubutu ko kaɗan, to ka ɗauke ta a matsayin fankar ɗaki, komai sunan da aka kira ta da shi. Ka kuma yi hattara da fankokin gwanjo da ake kawowa daga Amurka, domin da yawa daga cikinsu na waje ne da gaske, sai dai an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce.

Game da fuka-fukai, ka guji na katakon da aka matse, saboda suna shan danshi su lanƙwashe. Roba mai tauri ko alminiyon sun fi dacewa, ƙarfe kuma sai idan fentinsa mai kyau ne, don da zarar ya ɗaye tsatsa za ta kama.

Fanka ɗaya ba za ta ishi tsawon ƙafa 24 ba, tunda a waje babu bangon da zai mayar da iska, wanda ke ƙarƙashinta ne kawai zai amfana. Ka ɗaura biyu masu inci 56, kowace a tsakiyar rabin barandar. Fuka-fukan kada su yi ƙasa da ƙafa 7 daga daɓe, ƙafa 8 zuwa 9 ya fi kyau. A sa mai walda ya haɗa ƙugiya a jikin ƙarfen da ke ɗauke da rufin, a tabbatar an sa fil ɗin da ke hana noti kwancewa, a kuma ƙara wayar tsaro da za ta riƙe fankar idan wani abu ya saki. A haɗa wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa, da jikin fankar da kuma ƙarfen rumfar, makunni da regileta kuwa a sa su a bangon ciki inda ruwa ba ya kaiwa.

Uwargida, daga Zariya

Malam Mai Wayarin ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ina so in ƙara abin da mai share gida ne ya fi lura da shi. Damina a nan Arewa wata huɗu zuwa biyar ce, sauran watannin shekara kuwa abin da fanka ke fama da shi ƙura ce, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, wanda kuma shi ne lokacin da ake barin ta a kashe ba mai waiwayarta. A barandarmu na ga yadda ƙura ke kwanciya a bayan fuka-fukai har ta yi kauri, kuma ba ta kwanciya daidai a kan kowanne, shi ya sa idan aka kunna a watan Maris sai fankar ta riƙa rawa tana kaɗa sanda. Zanzaro ma yana son gina ɗakinsa na laka a cikin kofin sama da kuma saman injin, wannan ɗan nauyin kaɗai ya isa ya karkatar da ita. Saboda haka duk wadda za ka saya, Alhaji, ka zaɓi mai sumul ɗin jiki da fuka-fukai uku marasa ado, wadda tsumma mai ɗan laima zai goge cikin sauƙi, kuma idan sanyi ya shigo a kashe wutarta daga tushe a rufe injin da leda har zafi ya dawo.

Ban ga amfanin fanka mai haɗe da ƙwan fitila a tsakar gida ba, domin hasken yana tara ƙwari daidai saman inda ake cin abinci, iskar kuma ta sauko da su. Gara a sa ƙwai a jikin bango can gefe, kuma kada a sa shi sama da fuka-fukai, don inuwarsu za ta riƙa giftawa tana gajiyar da ido. Iskar fanka tana rage sauro ƙwarai tunda ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, amma wanda zai kwana a barandar lallai ya ɗaura gidan sauro.

Injiniyan Sola, daga Katsina

Ni a ganina, Alhaji, kafin ka kashe ko sisi a kan fanka ka fara sa silin. Fanka ba ta sanyaya iska, motsa ta kawai take yi domin gumi ya bushe a jiki mutum ya ji sauƙi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, kwano yana ɗaukar zafin da ya wuce na iskar waje sosai, kuma fankar da aka rataye ƙasa da shi kaɗan wannan hucin za ta riƙa turowa kan mutane har sai rana ta faɗi kwanon ya huce. Silin na roba, tare da barin sarari a gefe don iska mai zafi ta fice daga tsakaninsa da kwanon, zai canza zaman wurin fiye da kowace fanka mai tsada, sannan zai rage feshin da ke isa saman injin. Sai dai fankar ba a jikin silin za a rataye ta ba, ƙugiyar ta fito daga ƙarfen rufi kamar yadda aka faɗa.

Batun wuta kuwa lissafi ne mai sauƙi. Fankar inci 56 irin ta da tana cin kusan wat 75, sabuwar ƙirar da ake kira BLDC kuma tana cin kusan wat 30 a cikakken gudu. Biyu irin na da idan suka yi awa 8 za su ci wat-awa 1,200, wato rabin abin da batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yake ɗauka, kuma rabin shi ne iyakar da ya kamata a riƙa zuƙa daga batir mai ruwa in ana so ya daɗe. Biyu na BLDC a wannan lokacin wat-awa 480 kawai za su ci. Yawancinsu kuma ba sa rage gudu idan wuta ta zo da rauni. Inda nake ɗan ja da baya shi ne gyara, domin fanka irin ta da, kowane mai naɗin kwayil a unguwa zai iya tayar da ita, ita kuwa BLDC tana da allon lantarki a ciki wanda ba ya son danshi ko tashin wuta, kuma idan ya lalace sai an samo irinsa. Ka tambayi mai shago ko yana sayar da allon da rimot daban kafin ka biya.

Mai Baranda, daga Kano

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan fara da silin. Abin da ya rage mini shi ne, idan ban samu BLDC mai lambar IP44 a kasuwa ba, wanne zan fifita tsakanin kariyar ruwa da ƙarancin cin wuta?

Mai Wayarin, daga Kaduna

Muddin bakin gabas yana buɗe, Alhaji, kariyar ruwa ce a gaba, domin ƙarin cin wuta ana iya magance shi da rage gudun fankar ko ƙara batir, ruwa a cikin injin kuwa haɗari ne ga rai. Idan kuma zuciyarka ta fi karkata ga BLDC, to sai ka gyara wurin ya dace da ita: a sauko da allon kwano ko na roba kamar ƙafa 2 daga bakin rufin ta gabas da gefuna biyu, a ƙara labulen tamfol da za a riƙa saukewa idan hadari ya haɗo, a matsar da fankokin kaɗan zuwa wajen bango amma a bar aƙalla ƙafa ɗaya da rabi tsakanin bakin fuka-fukai da bangon. A layin barandar a sa na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin ƙarfe ko jikin mutum, kuma a sabar wa mutanen gida kashe fankokin da zarar iskar hadari ta taso, saboda irin wannan iskar tana iya lanƙwasa fuka-fukai tana kuma jijjiga ƙugiya. Kafin kowace damina a hau a duba notuka da mahaɗar wayoyi.