Shawarwarin malamai kan koya wa yara magana da sauraro

Wasu malamai da suka tattauna yadda za a koya wa yara magana da sauraro sun yarda da abu ɗaya: a aji malami ne ke cinye maganar, yara su yi tsit, sai a ɗauka sauraro suke yi.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce malami ya yi shiru bayan ya jefa tambaya. Wani ya kawo binciken wata masaniyar ilimi, Mary Budd Rowe, a Amurka, a shekarun 1970, wadda ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal kafin su ci gaba. Da jiran ya kai daƙiƙa 3, amsoshin yara suka ƙara tsawo, har waɗanda ba sa ɗaga hannu suka fara magana. A ganina wannan ce mafi sauƙi, tunda haƙuri kawai take bukata.

Yaro mai kunya kuwa, kada a tsayar da shi gaban aji tashin farko. Ya fara faɗa wa na kusa da shi tukuna.

Kan sauraro, wata malama ta ce kafin ɗalibi ya mayar da martani, ya maimaita maganar abokinsa da nasa kalmomin, har abokin ya yarda haka yake nufi.

An sha bamban kan gyaran kuskure. Wasu na gyarawa nan take, amma mafi yawa sun ce a bari yaro ya kai aya, don katse shi kan sa ya kama bakinsa har a tashi darasi.